Sarkin Yawa Ya Fi Sarkin Ƙarfi: Tarihin Katin Hoto Na Kwamfuta

Yau za mu ɗan sauka daga kan labarin so da kishi, mu leƙa cikin akwatin kwamfuta, domin akwai wani tarihi a can ciki da na jima ina son kawo muku. Kada wani ya ji an ambaci kwamfuta ya juya baya, labarin yana da irin abin da muke nema a littafi. Akwai wanda ya kusa tsiyacewa ya dawo ya fi kowa dukiya, akwai ɗan gatan da ya yi tashe na shekara huɗu ya faɗi warwas. Abin da suka yi rigimar a kansa kuwa shi ne katin hoto, wato fallen nan da ake sokawa a cikin kwamfuta, wanda yake zana duk abin da idonka yake gani a fuskarta. A da kayan wasan yara ake ce masa, yau manyan ƙasashen duniya ne suke zare wa juna ido a kansa.

Mu fara daga hula. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san zanen da yake burge ka daga nesa, in ka matso, ba komai ba ne illa ƙananan ɗinki a jere, kowanne da launin zarensa. To haka hoton kwamfuta yake. Fuskar kwamfuta irin wadda aka fi gani tana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Launin kowane ɗigo haɗin ja ne da kore da shuɗi, kuma kowane launi lamba ce tsakanin 0 da 255. Lambobin nan suna zaune a wata ma'ajiya a jikin katin, wani sashe nasa yana bin su layi-layi daga sama zuwa ƙasa yana aika wa fuskar. In ana son motsi ya tafi sumul, sai an sake hoton sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Wato mai hular nan tamu zai warware ɗinkinsa kakaf ya sake sabo har sau 60 kafin ka ce kwabo, ɗinki sama da miliyan 124 ke nan. In ya makara ko da kaɗan ne, nan za ka ga hoto yana sarƙewa yana tsalle.

Saboda haka tambayar da aka yi shekara hamsin ana kokawa da ita guda ɗaya ce: wa zai cike lambobin nan, kuma da wane sauri?

Da farko ma wurin ajiye su shi ne matsalar, don ma'ajiyar kwamfuta tsada gare ta kamar zinare. A 1973 wani injiniya, Richard Shoup, ya haɗa na'urar da take riƙe cikakken hoto ɗigo-ɗigo a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya, amma wannan abin ɗakin bincike ne, ba na kasuwa ba. Da IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, kati biyu ya ba mutane zaɓi. Na farko, MDA, bai san hoto ba sam, haruffa kawai ya sani, gurbi 80 a layi 25, kuma siffar haruffan a ƙone take a jikin katin, ba a canza ta. Na biyu, CGA, yana yin hoto mai ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, da launi huɗu kacal. Lissafa ka gani: ɗigo 64,000 ne, bai kai kashi ɗaya cikin talatin na fuskar yau ba.

Nan ne wani mutum ya shigo wanda ni dai yana cikin waɗanda na fi so a labarin nan. Sunansa Van Suwannukul, mutumin ƙasar Tailan ne da yake karatun digirin digirgir a Amurka, yana son ya rubuta kundinsa da haruffan harshensu. Katin haruffa bai san da zamansu ba, katin launi kuma ɗigonsa sun yi gwaza-gwaza da yawa, ba za su fitar da lanƙwasarsu ba. Sai ya ƙera nasa, mai ɗigo 720 a kwance, 348 a tsaye, wanda za ka zana duk harafin da ka ga dama. A 1982 aka fara sayar da shi da sunan Hercules, ya kuma yi kasuwa sosai. Mu da muka sha kai rubutu a buga mana a kwamfuta, a dawo mana da shi babu ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, mun san irin takaicin da ya tura shi wannan aiki.

Daga nan IBM ya kawo EGA a 1984, sai VGA a 1987, wadda ta bar mana shuɗin soket ɗin nan mai hakori 15 da har yanzu ake gani a bayan tsofaffin kwamfutoci. Amma duk waɗannan katuna 'yan aike ne kawai. Uwar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake ce wa CPU, ita take yin lissafin kowane ɗigo, kati ya riƙe ya nuna.

Wannan ya wadatar in wasiƙa za ka buga. Inda gizo yake saƙar shi ne hoto mai zurfi, wanda za ka shiga ɗaki a cikinsa, ka juya, ka ga abin da yake kusa ya rufe na nesa. Dabarun yin wannan kusan duk a makaranta ɗaya aka ƙirƙiro su, Jami'ar Yuta a Amurka, ƙarƙashin malamai biyu, David Evans da Ivan Sutherland, tun kafin a yi kwamfutar da za ta iya aiwatar da su da sauri.

Ga yadda abin yake. Duk abin da za a nuna, mota ce ko fuskar mutum, ana gina shi ne da ƙananan alwatika, wato siffa mai kusurwa uku, dubbai a manne da juna. Me ya sa uku? Tambayi duk macen da ta taɓa girki a murhu. Duwatsu uku ba sa barin tukunya ta yi rawa, in ka ƙara na huɗu dole ɗaya ya ɗage. Haka kusurwa uku, ko yaya ka ajiye su, shimfiɗa ɗaya suke bayarwa, lissafinsu ba ya rikicewa. Kowace kusurwa tana da lamba uku da suke faɗin inda take: dama ko hagu, sama ko ƙasa, kusa ko nesa. Idan ɗan wasa ya juya kansa, ba shi ne ya motsa ba a wurin kwamfuta, duniyar ce gaba ɗaya ake juyawa, a ninka lambobin kowace kusurwa da wani ɗan jadawalin lambobi 16 don a san sabon matsayinta. Sannan a matse na nesa su ƙanƙance, a shimfiɗe komai a kan fuskar kwamfuta, a duba waɗanne ɗigo ne suka faɗa cikin kowace alwatika.

Saura rigimar wa ya rufe wa. Wani ɗalibi a can Yuta, Edwin Catmull, ya bayyana mafita a kundinsa na 1974, kuma sauƙinta har ya so ya yi yawa. Kowane ɗigo a buɗe masa littafi na biyu, inda ake rubuta nisan abin da aka zana a kansa. In sabuwar alwatika ta zo, a duba: ta fi wadda take wurin kusa? In ta fi, a goge a rubuta tata, in ba ta fi ba, a watsar da ita. Shi ne kuma ya kawo dabarar lulluɓe alwatika da hoto, kamar yadda ake yafa wa gunkin shagon tela atamfa, sai bango ya fito da bulo-bulonsa ba tare da an gina kowane bulo ba. Kafin shi, a 1971, wani Bafaranshe, Henri Gouraud, ya nuna yadda za a lissafa haske a kusurwa uku kawai a sirka shi zuwa tsakiya, don kada fuskar mutum ta fito kamar an sassaƙa ta da gizago. Bui Tuong Phong, ɗan Biyetnam, ya inganta lissafin hasken a 1973, ya rasu a 1975 bai ga inda aikinsa ya kai ba. Catmull kuwa shi ne daga baya ya shugabanci Pixar, masu fim ɗin Toy Story na 1995.

Mai karatu, riƙe abu ɗaya daga duk wannan bayani, don shi ne ƙashin bayan labarin: lissafin kowane ɗigo ƙarami ne, kuma bai dogara da na maƙwabcinsa ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka mayar da dabarun nan ƙarfe shi ne Jim Clark, shi ma ɗan Yuta ne, wanda ya kafa kamfanin Silicon Graphics a farkon shekarun 1980. Da injinansu aka yi dabbobin fim ɗin Jurassic Park a 1993. Sai dai kuɗin inji ɗaya ya kai na mota, wani ma na gida. Waɗanda suka sauko da abin zuwa ɗakin talaka 'yan wasan gem ne. Doom ya fito a 1993, Quake a 1996, duka daga ƙaramin kamfanin id Software, matasa suka haukace a kansu, alhali CPU tana nishi da ƙyar tana zana su da ɗigo gwaza-gwaza. Ga miliyoyin masu saye, da kuɗinsu a hannu, suna neman abin da zai ƙara wa wasan kyau.

Wasu mutum uku da suka taɓa aiki a Silicon Graphics suka kafa 3dfx a 1994. A 1996 farashin ma'ajiya ya faɗi, suka fito da katin Voodoo. Abin dariya, katin bai iya nuna rubutu ko hoton yau da kullum ba, sai ka bar tsohon katinka a ciki, ka ja wata 'yar igiya daga wannan zuwa wancan, in an kunna wasa ya karɓi ragama. Duk da haka, da aka saki Quake ɗin da yake aiki da irin wannan kati a farkon 1997, wanda duk ya gani sau ɗaya ba ya son komawa gidan jiya. 3dfx ya zama ango.

A gefe guda kuma akwai wani kamfani da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. Jensen Huang, haifaffen Taiwan da ya girma a Amurka, wanda ya taɓa wankin kwanuka a gidan abincin Denny's, shi da abokansa Chris Malachowsky da Curtis Priem suka kafa Nvidia a 1993, kuma a wani reshen gidan abincin a San Jose suka ƙulla shawarar. Katinsu na farko, NV1 na 1995, sun ƙi alwatika a cikinsa, suka ce su da lanƙwasassun siffofi masu kusurwa huɗu za su yi gini. Sai Microsoft ya fitar da ƙa'idarsa ta zanen wasanni a Windows, ya tsaya a kan alwatika. Shi ke nan, kaya suka kwanta. Suna da kwangilar ƙera wa kamfanin Sega na Japan ƙwayar injin wasansa, a kan wannan hanyar da ta riga ta mutu. Huang ya je ya gaya wa ɗaya daga cikin shugabannin Sega, Shoichiro Irimajiri, gaskiya cewa aikin ba zai yi ba, su nemi wani, amma in aka bar su haka kamfaninsu ya rufe. Mutumin ya sa Sega ta zuba musu dala miliyan 5. Da a littafina na rubuta wannan, da wasu cikinku sun ce na cika son kai da jarumina. Suka sallami fiye da rabin ma'aikata, suka koma kan alwatika, suka fitar da RIVA 128 a 1997 lokacin da kuɗin da ya rage bai wuce albashin wata guda ba. Cikin wata huɗu suka sayar da miliyan ɗaya.

Faɗuwar 3dfx kuwa, a ganina, haɗama ce ta jawo ta fiye da ƙarfin abokin gaba. Da can ƙwaya kawai suke ƙerawa, su sayar wa kamfanoni irin su Diamond da Creative, su kuma su haɗa kati su kai kasuwa. A ƙarshen 1998 suka sayi kamfanin haɗa kati na STB, suka ce daga yau su za su ci ribar duka. Dillalan da suka yi musu tashe suka wayi gari babu kaya, sai suka kwashi jiki suka koma wurin Nvidia, wanda yake fitar da sabuwar ƙwaya kusan duk wata shida yayin da sababbin katunan 3dfx suke ta makara. A Disambar 2000 3dfx ya sayar wa Nvidia kadarorinsa. Abokin hamayyar da ya rage shi ne ATI na Kanada, wanda AMD ya saya a 2006 a kan dala biliyan 5.4.

A 1999 ne Nvidia ya fitar da GeForce 256, ya ɗauke wa CPU har aikin juya kusurwoyi da lissafin haske, ya kuma yayata sunan GPU, wato ƙwaƙwalwar zane. To a nan ya kamata mu tsaya mu ga bambancin ƙwaƙwalen biyu.

CPU kamar ƙwararrun ma'aikata ne 'yan kaɗan, huɗu ko takwas ko sha shida, kowanne ya iya komai, yana da saurin yanke shawara, in an ce bar wannan ka kama wancan nan take ya juya. GPU kuwa gayya ce. Wanda ya taso a ƙauye ya san gayya: samari a jere a bakin gona, kowa da kunyarsa, makaɗi yana kiɗa, hauya ta tashi tare ta sauka tare. Ba a neman gwaninta a wurin kowa, abin da ake nema kowa ya yi sara iri ɗaya a lokaci ɗaya. Tunda lissafin ɗigo bai dogara da na maƙwabci ba, ana iya raba fuskar kwamfuta kamar yadda ake raba kunyoyi. A katunan Nvidia ana ɗaure ma'aikatan 32-32, umarni ɗaya ake karanta musu, kowa ya aiwatar a kan nasa ɗigon. Raunin tsarin ma irin na gayya ne. In umarnin ya rabu biyu, aka ce wanda ya tarar da dutse ya yi kaza, wanda bai tarar ba ya yi kaza, to sai rabin layi ya tsaya ya jira ɗaya rabin ya gama, sannan su yi nasu. Shi ya sa katin hoto ba zai maye gurbin CPU ba, aikin da yake cike da "in kaza ne, in ba kaza ba" ɓata masa lokaci yake yi.

Sannan taron gayya sai da ruwa da fura. Dubban ma'aikatan nan lambobi suke ci, in ba a kawo da sauri ba sun zauna. Don haka ake kewaye ƙwayar da ma'ajiyarta ta kanta, da hanyoyi masu faɗi. In layi ɗaya yana jiran a kawo masa nasa, ba a tsayawa, nan take a tura wani layin da nasa ya iso. Katin RTX 4090 na 2022 yana da ƙananan ma'aikata 16,384, yana jan kusan gigabayit 1,000 daga ma'ajiyarsa a daƙiƙa. RTX 5090 na 2025 yana da 21,760, yana shan wuta wat 575, abin da ya kusa cinye ƙarfin ƙaramin janareton nan na shago. Wutar nan duk zafi take komawa, shi ya sa yawancin girman katin ƙarfen sanyaya ne da fanka, ƙwayar kanta ba ta kai tafin hannun jariri ba.

Mu koma baya kaɗan. Har zuwa 2000, kiɗa ɗaya gayyar ta sani, wanda aka ƙera ta da shi. Daga GeForce 3 a 2001 da Radeon 9700 na ATI a 2002 aka fara bai wa masu rubuta wasa damar rubuta 'yan gajerun umarninsu, don ruwa ya yi ƙyalli, fata ta yi kama da fata. Sai masana kimiyya suka farga: ashe ga injin lissafi mai arha a shagon 'yan gem. Suka riƙa yi wa lissafinsu shigar burtu, su mayar da lambobinsu launuka, kati ya ɗauka hoto yake zanawa, su karanta amsa daga launin da ya fito. Wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, Ian Buck, ya rubuta hanyar da ta sauƙaƙa wannan, Nvidia ya ɗauke shi aiki, a ƙarshen 2006 aka sanar da CUDA tare da katin GeForce 8800 GTX mai ma'aikata 128. Daga ranar ana iya ba katin kowane irin lissafi kai tsaye. Shekaru kamfanin ya yi yana kashe kuɗi a kan wannan, masu hannun jari suna gunaguni, don masu amfani da shi ba su taka kara sun karya ba.

Sai 2012. Akwai wata gasa da ake yi, a ba manhaja hotuna kimanin miliyan 1.2 masu rukuni 1,000 ta koya, sannan a gwada ta da waɗanda ba ta taɓa gani ba, ta faɗi mene ne a ciki. Ɗalibai biyu a Jami'ar Toronto ta Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, da malaminsu Geoffrey Hinton, suka shiga da wata tsohuwar dabara da yawancin masana suka yi wa kallon ta mutu, wadda take kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke haɗuwa. Dabarar ba ta da wani sirri sai ninkawa da tarawa, sau biliyoyi, iri ɗaya, kowanne bai jira ɗan'uwansa ba. Aikin gayya ke nan tsantsa. Da katin wasa guda biyu, GTX 580, irin wanda kowane yaro mai kuɗi zai saya a shago, suka horar da ita cikin kwana biyar zuwa shida. Kuskurenta ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, wanda ya zo na biyu yana da 26.2. Daga wannan rana masu binciken ƙirƙirarriyar basira suka yi wa katin hoto rubdugu. Hinton ya samu kyautar Nobel a 2024.

Tsakanin nan masu haƙar kuɗin intanet ma sun yi nasu wawason a 2017 da 2021, har 'yan wasa suka rasa katin saye, amma wannan guguwa ce, ta lafa a Satumbar 2022 da Ethereum ya daina amfani da haƙa. Wadda ba ta lafa ba ita ce ta ChatGPT, da ya fito a Nuwambar shekarar, wanda aka horar a kan dubban irin waɗannan ƙwayoyi. Darajar Nvidia a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 4 a Yulin 2025. Kamfanin ba shi da masana'antar kansa, zane yake yi, TSMC na Taiwan ya ƙera masa manyan ƙwayoyin, a tsibirin da Sin take cewa nata ne. A Oktoban 2022 gwamnatin Amurka ta kafa dokar hana sayar wa Sin mafiya ƙarfinsu, kamar yadda ake hana sayar da makami.

Manyan da ake wannan rigima a kansu, irin su A100 da H100, jikokin katin Quake ne kai tsaye, gayyar ce dai da kiɗanta. Ana jera su dubbai a manyan ɗakunan sanyi, kowanne kuɗinsa dubban daloli. In ka ɗauki ɗaya ka juya bayansa, ba za ka ga soket ɗin da ake haɗa fuskar kwamfuta ba, an cire shi, don babu hoton da ake so ya nuna.